Gwajin Zoɓorodo A Jikin Ɓeraye Da Abin Da Ya Shafi 'Yan Kasuwa

Zoɓorodon da manoman jihohin Jigawa da Kano da Katsina ke nomawa ya daɗe da zama hajar da ake fitarwa ƙasashen waje, musamman Meksiko, inda ake shan sa da sunan "jamaica". Galibinsa kuwa a buhuna yake fita, busasshe. Ribar mai kauri tana hannun waɗanda ke sarrafa shi ya zama ganyen shayi ko magani, kuma ba a shiga wannan kasuwa sai da shaidar ɗakin bincike.

Tun kaka da kakanni masu maganin gargajiya suke cewa zoɓorodo yana sa fitsari, yana kuma sauƙaƙa hawan jini. Masana kan jarraba irin wannan magana ne ta hanyar da Lipschitz da abokan aikinsa suka shimfiɗa a 1943. Ana samo fararen ɓeraye masu nauyi kusan ɗaya, a hana su abinci dare guda, sa'an nan a kasa su rukuni-rukuni. Na farko a ba su ruwan gishiri kawai, na biyu a ba su sanannen maganin asibiti kamar furosemide, sauran kuma a ɗura musu jiƙon tsiron gwargwadon nauyinsu. Daga nan sai a sanya su cikin keji na musamman mai raba fitsari da kashi, a auna yawan fitsarin bayan awa 5 da kuma awa 24.

Yawan fitsari kaɗai bai isa hujja ba. Dole a duba sinadaran sodiyam da fotasiyam da suka fita, domin maganin da ke zubar da fotasiyam da yawa yana iya raunana jiki ya kuma rikita bugun zuciya.

A 2012 masu bincike a Meksiko suka ba da rahoton cewa jiƙon zoɓorodo ya ƙara wa ɓeraye fitsari da fitar da sodiyam. Kafin nan, a 2007, masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun nuna yana rage hawan jini a jikin ɓeraye. A 2015 kuma aka buga wani nazari daga Inugu da ya gwada shi da maganin hydrochlorothiazide a jikin mutane masu matsakaicin hawan jini.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Sakamakon keji matakin farko ne kawai, kuma ƙarfin jiƙon yakan bambanta bisa ga irin da aka shuka da yadda aka shanya shi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana neman shaidar cewa magani ba ya cutarwa kafin ta ba shi lamba, amma wannan lambar ba tabbaci ba ce cewa yana warkarwa. Mai son rubuta "yana maganin hawan jini" a jikin kwalba sai ya kawo sakamakon gwaji a kan mutane.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke shirin zuba jari a wannan fanni ya kamata ya sanya kuɗin gwaji cikin lissafinsa tun farko, ya kuma nemi haɗin gwiwa da sassan haɗa magunguna na jami'o'i ko cibiyar NIPRD da ke Abuja. In ba haka ba, za a ci gaba da sayar da buhu da araha, a sayo kwalba da tsada.