Shirin Musamman: Kowace Ƙasa da Abin da Take Karɓa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau Jihar Jigawa muka nufa domin mu duba ƙasar noma: wace iri ce a ina, kuma wane amfani take karɓa. Abin da ya sa muka ɗauko batun shi ne, duk shekarar da wani amfani ya yi tsada, baɗi sai ka ga kowa ya rungume shi, da mai tudu da mai fadama, ba wanda ya tsaya ya duba ko gonarsa za ta iya. Kasuwa ke yanka farashi, amma ƙasa ke yanke abin da za a kai rumbu.

(KIƊA)

Mu fara daga arewa, wajejen Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Ɓaɓura, dab da iyakar Nijar. Yawancin gonakin nan jigawa ce, rairayi mai saukin huɗa. Damina gajera ce, kuma ko an yi ruwa da dare, kafin azahar saman ƙasa ya bushe. Gero ne sarkin wannan wuri, don saiwarsa na nutsawa ta nemo danshi, kuma cikin wata uku ya nuna. Gyaɗa ma nan take so, domin bayan ta yi fure sai ta soka tsinke cikin ƙasa ta yi 'ya'ya a can, abin da ke buƙatar ƙasa mai laushi. A shuka ta a laka, ranar cira rabin kwanson a ƙasa zai tsaya. Haka riɗi, wanda ba ya jure kwanciyar ruwa ko kaɗan. Shi da zoɓo suna cikin kayan da ake hada-hadarsu a kasuwar Maigatari. Wake kuwa har ladan gona yake biya, don ƙulle-ƙullen saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin.

Matsalar jigawa ita ce rashin riƙo. Wanda ya zuba buhun yuriya gaba ɗaya a rana guda, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Shi ya sa malaman gona ke cewa a raba takin kashi biyu, a binne shi kusa da gindin shuka, kuma a fara shimfiɗa takin gargajiya tun da rani. Kashin dabbobi da tokar gida da kara su ne ke sa rairayi ya iya riƙe ruwa da abinci. Kuma kada a sare gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki kyauta. Kowa ya san yadda geron gindin gawo ke fin na tsakar gona.

(KIƊA)

In muka gangaro kudu, wajejen Birnin Kudu da Gwaram, ruwan sama ya fi yawa, ƙasar kuma ta fi nauyi, wani wuri ja, wani wuri baƙa-baƙa, gaurayen yashi da laka. Nan ne dawa ke sakewa, kaura da farfara, nan ne kuma masara ke da wurin zama. Amma masara mai ci ce. Idan gona ta gaji, ita ce ke fara nunawa: ganye ya yi rawaya, kara ya tsumbure. Wuta-wuta ma alama ce. Duk gonar da ka ga furenta ya mamaye gindin dawa ko gero, to ƙasar ta rame. Maganin ya haɗa da tuge ta kafin ta zubar da iri, da ƙara taki, da juya shuka a sa gyaɗa ko waken suya na shekara ɗaya ko biyu.

(KIƊA)

Sai fadamun Kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri. Nan laka ce, wadda ke dankarewa da damina ta tsage da rani. Ruwan da zai kashe riɗi shi ne abincin shinkafa. Da sanyin hunturu kuma alkama ke shiga, tare da albasa da tumatir da tattasai a inda lakar ta gauraya da yashi.

Wannan ƙasa ma ta sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kan zo ta janye a kan lokaci ta canza salo. Wasu wurare ruwa ya daina isa, wasu kuma ya zauna shekara cur, sai kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. A filayen ban ruwa kuma, inda babu magudanar da za ta fitar da rarar ruwa, gishiri kan taso ya yi fari-fari a saman ƙasa kamar an barbaɗa kanwa. Mai irin wannan gona, ƙarin buhun taki ba zai fisshe shi ba. Gyaran magudana ne farko.

(KIƊA)

To, yaya manomi zai gane tasa? Ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi guda, ka jiƙa ta kaɗan, ka dunƙule a hannu. In ta warwatse, jigawa ce. In ta dunƙule amma ta fashe da ka matsa, gauraye ce. In ta mulmulu ta yi tsawo tana kama yatsa, laka ce. Ka gwada a kusurwa daban-daban, don gona ɗaya kan haɗa tudu da kwari, kowanne da abin da ya dace da shi. Mai hali kuma ya nemi malamin gona na yankinsa a kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji, a faɗa masa abin da ta rasa kafin ya sayi kamfa ko sufa.

Jama'a, kafin a je kasuwar iri bana, a fara zagaya gona. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba mu damina mai albarka. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)