Gardamar Masu Wayar Iska: Wa Zai Kara da Wa?

Ku sani akwai wata jama'a a duniya da a ke kira masu rediyon sha'awa. Mu nan iyakar saninmu da rediyo shi ne a murɗa akwati a ji labarin Kaduna ko na Landan. Su kuwa kowannensu yana da na'urar aika magana a ɗakinsa, da lasin gwamnati, da lambar kira wadda ba mai irinta. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Zamanin Turawa tamu ZD2 ce. An hana su neman kuɗi da abin. Sai gaisuwa da gwaje-gwaje, da agaji ran da masifa ta yanke waya, sai kuma gasa.

Babbar gasarsu ita ce CQ World Wide, wadda mujallar CQ ta Amurka ta fara cikin 1948. Mujallar ta daina fitowa, gasar tana nan. Sau biyu a ke yi a shekara: ƙarshen Oktoba da baki, ƙarshen Nuwamba da ƙwanƙwasa irin ta tangarahu, watau harshen Morse. Sa'a 48 cur, daga ƙarfe 1 na daren Juma'a wayewar Asabar, agogonmu. An raba duniya yanki 40, mu muna cikin na 35. Ka yi kira, wani ya amsa, ku faɗa wa juna ƙarfin sauti da lambar yanki, ku rabu. Ko "ina gajiya" babu. A ƙarshe a ninka makin mutum da yawan ƙasashe da yankunan da ya samu a kan kowane zango, tun daga mita 160 har mita 10.

To, a wajen maki gardama ta fara. Idan ka yi magana da ɗan ƙasarku, ba ka da maki ko ɗaya. Ɗan wata ƙasa cikin nahiyarku, maki 1, sai dai ƙasashen Amurka ta Arewa da aka ba su 2 tsakaninsu. Na wata nahiya, maki 3. Ku duba abin da wannan ya haifar. Bajamushe yana zaune tsakiyar dubban masu rediyo na Turai, kowane ɗaya maki 1 ya ke ba shi. Wanda ke Maroko kuwa, ruwa kaɗan ne tsakaninsa da Sifen, amma da ya ke Afirka ce, waɗannan mutane ɗin dai kowane 3 ya ke ba shi. Saboda haka masu hali su kan kwaso kaya su taho nahiyarmu don kwana biyun nan. Wata ƙungiya mai suna VooDoo, yawancinta Ingilishi da Amurkawa, ta yi shekaru tana zaga Afirka ta Yamma. Cikin 2003 da 2004 a Yamai ta sauka, da lambar 5U5Z. Masu kuka suna cewa a auna nisa da kilomita, kamar yadda wata sabuwar gasa da aka fara cikin 2019 ta ke yi. Ni dai ban ga laifin dokar ba, gama ita ke sa a juya eriya wajenmu. Abin takaici ɗaya ne, fadama tamu ce, baƙi ke nomanta.

Batun ƙarfin wuta bai da tsawo. Aji uku ne ga mai gasa shi kaɗai: har wat 1500, har wat 100, da har wat 5. Ba alƙalin da ke ɗakin mutum; amana ce.

Inda magana ta yi zafi shi ne taimako. A da, gwaninta ita ce kunne. Mutum ya murɗa a hankali cikin hayaniya har ya tsinto siririyar murya daga wani tsibiri. Daga baya aka soma sanar da juna ta kwamfuta cewa wane yana wuri kaza. Cikin 2008 wani ɗan Kanada, Alex Shovkoplyas, ya fitar da CW Skimmer, wadda ke sauraron ƙwanƙwasar mutane da yawa a lokaci guda, ta rubuta lambobinsu. Mai ita ba ya farauta, nuna masa nama a ke yi. Aka ware aji biyu, mai taimako da marar taimako. Sa'an nan wasu suka ce a haɗe su: zamani ya zo, samari da intanet suka tashi, kuma mai satar leƙe yana da wuyar kamawa, to me ya sa za a kafa dokar da mai gaskiya kaɗai za ta ɗaure? Gasar CQ WPX ta bi wannan ra'ayi cikin 2021. CQ World Wide ba ta bi ba. Akwai kuma wani aji da aka buɗe cikin 2013 mai suna Classic: rediyo ɗaya, ba taimako, sa'a 24 kawai a ke ƙirgawa, domin dattawa da masu iyali su ma su samu shiga.

Hujjar masu haɗewa ba ta gamsar da ni ba. Mai karatu da ka da mai duba takarda duk masu karatu ne, amma ba a auna su da mudu ɗaya. Ku tuna Argungu, nan kusa da mu. Da homa da gora a ke shiga Matan Fada. Cikin 2008 aka gane wanda ya zo na ɗaya ba a nan ya kama kifinsa ba, aka ƙwace kyautar. Ba wanda ya ce tun da an yi maguɗi, kowa ya zo da kifinsa daga gida. Masu gasar rediyo ma suna da hanyar bincike. Bayan gasa kowa zai aika da lissafinsa, kwamfuta ta gwama na kowa da na kowa. Wanda ya rubuta lambar wani ba daidai ba, a soke maganar, a kuma ci shi tarar ninki biyu na makinta. Mai neman shiga cikin biyar na farko kuwa, dole ya ɗauki sautin gasar duka a faifai, in an nema ya miƙa. Kuma haɗewar, wa za ta cuta? Mutumin ƙauye mai batirin mota da waya rataye a giginya, wanda intanet ke zuwa masa yau ta ɗauke gobe.

Saura mas'ala ɗaya da ta shafe mu. Doka ta ce na'urorin mai gasa duka su kasance cikin da'ira mai faɗin mita 500. Ba ta ce shi kansa ya kasance a ciki ba. Ashe ke nan mutum yana iya kafa tasha a Kebbe, in ya sami iznin hukuma, ya koma Landan yana sarrafa ta ta intanet, ga shayi a gabansa, ba zafin Afrilu ba ƙurar hunturu. Wanda ya amsa masa daga Japan zai rubuta ya sami Nijeriya, yanki na 35, maki 3.