Littafin Tuni: Abokin Karatun Maganar Allah da Addu'a

Duk wanda ya taɓa cin bashi a kantin unguwa a nan Dakata ya san littafin mai kanti. Sabulu ɗaya, gwangwanin madara, mudun shinkafa, sai ya rubuta da kwanan wata. Ba rashin yarda ba ne, ya dai san kan ɗan Adam rariya ne. Iyayenmu da suka yi aiki a masana'antun Bompai, Sharada da Challawa ma sun shaida mana cewa ko fata ɗaya ba ta barin sito sai akawu ya shigar da ita a littafi. To, mu da muke kai roƙo gaban Allah safe da yamma, mutum nawa a cikinmu zai iya faɗin abin da ya roƙa a watan jiya? Da muka yi wannan tambaya a taron zumuntar ɗalibai, ɗaki ya yi tsit.

Abin da muke kira littafin tuni ba wani abu mai tsada ba ne. Littafin rubutu ne irin na aji, wanda mai bi yake keɓewa domin ya riƙa rubuta nassin da ya karanta, abin da ya fahimta, da abin da ya faɗa wa Ubangiji cikin addu'a. Ya bambanta da littafin da muke rubuta wa'azin ranar Lahadi. Wancan maganar Fasto ce, wannan kuwa taka ce.

Al'adar tana da tushe cikin Littafi Mai Tsarki. A Littafin Ƙidaya sura 33, Musa ya rubuta zango-zangon tafiyar Isra'ilawa bisa ga umarnin Ubangiji, wurare fiye da 40. Masu karatu da yawa sukan tsallake surar nan don sunaye sun yi yawa, amma a duba da kyau. An rubuta Elim mai maɓuɓɓugai 12 da itatuwan dabino 70, an kuma rubuta Refidim inda jama'a suka rasa ruwan sha. Zangon daɗi da zangon ƙishirwa suna shafi ɗaya. Zabura 77 ta fara da mutumin da damuwa ta hana shi barci, bai sami sauƙi ba sai da ya koma yana tuna ayyukan Allah na dā.

A ƙasarmu ma akwai misali. A shekarar 1841 jiragen ruwa uku suka taso daga Ingila suka shiga kogin Kwara. A cikin matafiyan akwai James Schön, Bajamushe ma'aikacin mishan ta CMS, da Samuel Ajayi Crowther, malamin makaranta wanda aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. Amma su biyun sun riƙa rubuta abin da suka gani da abin da suka ji a ransu, aka kuwa buga rubutunsu a Landan a 1842. Schön ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, Crowther ya zama bishop a 1864. Hanyar da ta kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 doguwa ce, amma an fara share ta ne da irin wannan rubutu na kullum, a cikin jirgin da ke cike da marasa lafiya.

Yaya za a fara? Shawararmu ita ce a lokacin kaɗaita da Allah na asuba, kafin ƙararrawar shara. Rubuta kwanan wata tukuna, kada ka raina wannan, domin shi ne zai ba rubutun daraja nan gaba. Sa'an nan ka rubuta inda ka karanta, ka faɗi abin da nassin ya ce da bakinka, ba kwafe aya ba. A nan ne mutum yake gane ko ya fahimta ko idonsa ne kawai ya bi layi. Bimbini a kan aya ɗaya da ka iya mayarwa cikin kalmominka ya fi sura uku da ka karanta kana gyangyaɗi. Daga nan sai addu'a: wa ka yi wa, me ka roƙa. Ka bar fili a gefen shafi domin ranar da amsa za ta zo. Layi biyar sun isa.

Wurin da yawancinmu muke tuntuɓe shi ne faɗin gaskiya. Da zarar mun ɗauki biro sai mu shiga rubuta kalmomi masu tsarki kamar za a karanta su a kan bagade. Wanda ya kwana yana jin haushin abokinsa sai ya rubuta cewa zuciyarsa cike take da salama. Wa ake ruɗi? John Wesley, da yake ba da labarin daren 24 ga Mayu 1738, daren da ya sami tabbacin ceto a wani taro a titin Aldersgate na Landan, bai ɓoye cewa ba da son ransa ya je taron ba. Har lokacin ya rubuta, wajen tara saura kwata. Zabura 88 kuwa ta ƙare cikin duhu ba tare da wata ta'aziyya ba, duk da haka tana cikin Maganar Allah. In ka karanta ba ka gane kome ba, rubuta haka, ka kai tambayar wurin malamin Littafi Mai Tsarki.

Mun san abin da ɗaliban kwana za su ce: a ɗakin da mutum ashirin suke kwana, ina asiri? Gaskiya ne. Wesley kansa yana da wani ƙaramin littafi da yake rubutawa da alamomin ɓoye. Kai ma ka sa harafi ɗaya a maimakon sunan mutum, ka kulle littafin a akwati, zunubin wani kuma kada ya shiga ciki sam. Ga masu leƙen littafin wasu, da manyan ɗalibai da ke ƙwacewa su karanta a bainar jama'a don dariya, mun faɗa ba da wasa ba: wannan sata ce. Muna roƙon iyaye da malamai su ma su kame hannu.

Amfanin littafin yakan fito ne ranar da aka koma baya aka karanta. Wata tsohuwar ɗalibarmu ta ba mu izini mu faɗi nata. Shekarar da aka rufe masana'antar da mahaifinta yake aiki, wata huɗu tana rubuta roƙo ɗaya, a mai da shi bakin aikinsa. Ba a mai da shi ba, masana'antar ma ba ta sāke buɗewa ba. Ta ce ta yi fushi ta jefa littafin ƙasan akwati. Sai a hutun ƙarshen shekara ta ciro shi, ta tarar da abubuwan da ta rubuta da hannunta ta manta: ranar da zumuntar mata suka kawo kwanon masara, ranar da wani dattijon Ikilisiya ya cika kuɗin makaranta, ranar da mahaifinta ya fara binsu sujada bayan shekaru. Filin da ta bari a gefen roƙon farko har yanzu ba kome a ciki. Ta ce ba ta cike shi ba, ba ta kuma yage shafin ba.