Jakar iskar Takata: alhakin yana wuyan mai tambari

Mai sayen mota tambarin da ke goshinta yake dubawa, ba ya tambayar wace masana'anta ce ta ƙera birki ko jakar iskar da ke naɗe cikin sitiyari. Alhali yawancin waɗannan kayan kwangilarsu ake bayarwa, sau da yawa a wata ƙasa. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana haɗa na'urar hura jakar iska a masana'antarsa ta Monclova a Meziko, yana sayar wa Honda, Toyota, Ford, BMW da sauransu. Sinadarin da ya zaɓa, amoniyam naitiret, wanda ake yin takin zamani da shi, yana da araha, amma zafi da laima suna lalata shi a hankali. Ranar da aka yi karo sai ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ƙarfen ya tarwatse, ɓarɓashinsa ya sassari fuskar direba da wuyansa. Sama da mutum 20 sun mutu ta haka a Amurka kaɗai, inda aka yi kiranyen na'urori kusan miliyan 67.

Masu kare kamfanonin mota suna cewa su ma yaudararsu aka yi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A 2017 Takata ya amsa laifin murɗe sakamakon gwaji, aka ɗora masa biyan dala biliyan 1, wadda miliyan 850 daga ciki diyya ce ga kamfanonin motar. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jakar iska ta fashe a wata Honda Accord a jihar Alabama tun 2004, amma sai a Nuwamba 2008 Honda ya fara kiranye, shi ma na motoci kusan 4,000 kacal. Wanda ya zaɓi ɗan kwangila, ya matsa masa kan farashi, ya ci ribar arahar, shi ne ke da injiniyoyi da ɗakin gwajin da za su tantance kayan, kuma ƙorafin masu mota teburinsa yake fara isa. Nisan masana'anta ba uzuri ba ne, tunda shi ya kai aikin can. Ga kuma abin da ya biyo baya: Takata ya durƙushe a Yuni 2017, da a ce alhakin ya tsaya a kansa, da masu mota sun rasa wanda za su riƙe. Dokar Amurka ta yi daidai da ta ɗora kiranye da gyara kyauta a kan mai tambari.

Maganar ta shafe mu, domin Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000 da ake shigo da su tokumbo ta Kwatano suna cikin jerin, kuma wasiƙar kiranye ba ta bin mota zuwa Kano. Mai irin wannan mota ya sa lambar shasinta mai harufa 17 a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, zai ga ko an sauya mata jakar.