Ƙidayar Ambato da Matar da Lissafin Ya Kasa Gani

A watan Oktoba na 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙaloli 100 da masana suka fi ambatawa a tarihin kimiyya. Duk wanda ya buɗe jerin yana neman manyan sunaye ya sha mamaki. Watson da Crick, da suka bayyana siffar DNA a 1953, ko leƙawa ba su yi ba. Wadda ta zo ta ɗaya wata maƙala ce ta 1951 da Oliver Lowry da abokan aikinsa uku suka rubuta a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na Amurka, kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. An ambace ta fiye da sau 305,000. Ta biyu da ta uku, wato ta Laemmli ta 1970 da ta Bradford ta 1976, su ma dabarun aiki da furotin ne a ɗakin gwaje-gwaje.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maƙalar Lowry mudu ce. Duk mai awon hatsi sai ya taɓa mudu, amma wannan bai sa mudun ya fi gonar daraja ba. Kowane mai bincike da ya auna furotin da dabarar Lowry dole ya rubuta sunansa a ƙarshen takardarsa, alhali siffar DNA ta riga ta shiga littattafan sakandare, ba wanda yake jin sai ya faɗi inda ya samo ta. Shi kansa Lowry ya taɓa faɗi cewa ya san maƙalar ba wata gagaruma ba ce, sai dai yana jin daɗin yadda aka karɓe ta.

To mene ne ambato, kuma yaya aka yi ya zama abin auna mutane? Idan mai bincike ya rubuta maƙala, yakan jera a ƙarshenta ayyukan da ya dogara da su. Kowane aiki a jerin nan ambato ɗaya ne. A 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a tattara waɗannan jere-jere wuri guda, domin wanda ya karanta wani aiki ya iya gano waɗanda suka ɗora a kansa daga baya. A 1964 kamfaninsa da ke Filadelfiya ya fitar da kundin farko. Asalin niyyar ke nan: taimaka wa mai karatu ya bi sawun ilimi. Amma da zarar abu ya ƙidayu, hukumomi ba sa barinsa. Daga wannan kundi aka haifi ma'aunin tasirin mujalla, wanda ke duba sau nawa aka ambaci maƙalolin da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabata, a raba da yawansu. Sannan a 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro ma'aunin h na mutum ɗaya. Idan aka ce h ɗin malami 20 ne, ana nufin yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yau kowa yana iya ganin nasa a Google Scholar ko Scopus cikin minti ɗaya.

A wannan shekarar ta 2005, a wannan birnin na Filadelfiya da Garfield ya kafa kamfaninsa, wasu masu bincike suka fitar da wata maƙala da ta nuna iyakar duk wannan lissafi.

Katalin Karikó 'yar ƙasar Hangari ce, an haife ta a 1955, mahaifinta mahauci. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Szeged, da kuɗin bincike ya ƙare a wurin aikinta sai ta tattara ta koma Amurka a 1985 tare da mijinta da 'yarta ƙarama. Gwamnatin ƙasarsu a lokacin ba ta barin a fita da kuɗi mai yawa, don haka suka sayar da motarsu, suka ɗinke kuɗin a cikin 'yar tsanar yarinyar. Wannan yarinya, Susan Francia, ita ce ta girma ta ci wa Amurka zinare a tseren kwale-kwale na Olamfik a 2008 da 2012, har aka daɗe ana sanin uwar da sunan 'yar.

A 1989 Karikó ta samu aiki a Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya, kuma tun daga nan abu ɗaya ta sa a gaba, wato mRNA. Shi mRNA ɗan saƙo ne a cikin ƙwayar halitta. DNA na ɗauke da umarni, mRNA ya kwafi wani yanki na umarnin ya kai wurin da ake ƙera furotin. Tunaninta shi ne, in har za a iya haɗa wannan saƙo a ɗakin gwaji a saka shi a jikin mutum, to jikin zai ƙera wa kansa maganin da yake buƙata. Masu ba da tallafin bincike ba su gamsu ba. Ta rubuta takardun neman tallafi ɗaya bayan ɗaya, ana mayar mata da su. A 1995 jami'ar ta sauke ta daga layin da ke kai mutum ga kujerar farfesa, aka rage mata matsayi. Ta zauna, ba ta tafi ba.

Wajen 1997 ta haɗu da Drew Weissman, likita mai nazarin garkuwar jiki, a gindin injin fotokofi, inda kowannensu yake zuwa kwafar maƙalolin da zai karanta. Matsalar da suka tarar babba ce. Duk lokacin da aka saka mRNA na haɗi, garkuwar jiki sai ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi, ta tayar da kumburi. Suka shafe shekaru a kai. Abin da ya buɗe musu ƙofa wani ɗan gwaji ne na gefe da ake yi don kwatantawa kawai: wani nau'in RNA na halitta da ake kira tRNA bai tayar da garkuwar ba. Me ya bambanta shi? Tubalansa suna ɗauke da 'yan sauye-sauye da jiki kan yi musu. RNA na da tubala iri huɗu, ɗaya daga ciki shi ne uridin. Da suka musanya shi da ɗan'uwansa da ake kira sudo-uridin, sai kumburin ya lafa. A 2008 suka ƙara nuna cewa saƙon da aka gyara haka ya ma fi ƙera furotin da yawa.

Maƙalar farko ta sha ƙi. Nature da Science duka sun mayar da ita, kafin mujallar Immunity ta karɓa ta buga a 2005. Weissman ya sha ba da labarin yadda ya gaya wa abokiyar aikinsa cewa wayoyinsu za su dinga ruri ba ƙaƙƙautawa. Shiru kake ji. A shekarun farko 'yan tsiraru ne suka kula da aikin. Cikinsu akwai Derrick Rossi na Harvard, wanda ya yi amfani da dabarar a bincikensa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Moderna a 2010. A 2013 Karikó ta bar ɗakin gwajinta ta koma kamfanin BioNTech da ke Mainz a Jamus. Sauran labarin duniya ta gani da idonta. A Disamba 2020 aka fara yi wa mutane allurar rigakafin korona ta Pfizer da BioNTech, ta Moderna ta biyo baya, kuma duka biyun a kan uridin da aka sauya aka gina su. A ranar 2 ga Oktoba 2023 aka sanar da Karikó da Weissman a matsayin waɗanda suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Yanzu maƙalar 2005 tana da ambato dubbai. Wani zai ce ai ga shi lissafin ya yi gaskiya. Ya yi, amma bayan shekara goma sha biyar, bayan annoba ta tilasta wa kowa waiwayowa. Kwamitin da ya zauna a kan fayil ɗinta a tsakiyar shekarun 1990 ba shi da waɗannan lambobi, kuma ma'aunin da ke duba shekaru biyu kacal ba zai taɓa hango irin wannan aiki ba. A ganina nan ne babban aibin yake: ambato yana faɗin abin da jama'ar masana suke yayi yanzu. Wanda ya riga jama'a isa wani wuri, dole lambarsa ta yi ƙasa har sai sun iso.

Akwai kuma aibi na biyu, wanda ya fi muni. Na'urar ƙidaya ba ta san yabo da zagi ba. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield, wadda ta dogara da yara 12 ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa ta yara. Bincike ya nuna an yi maguɗi, mujallar ta janye maƙalar a Fabrairu 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya a wannan shekarar. Duk da haka ana ta ambatonta, galibi don a ƙaryata ta, kuma kowane ambato ƙari ne a lissafi. Ga bambancin fannoni. Mai binciken ciwon daji yana da dubban abokan sana'a da za su ambace shi, mai binciken wata cutar da ke addabar ƙauyukan Sahel kuwa ƙila duk duniya waɗanda ke aiki a kanta ba su cika ɗakin taro ɗaya ba. Ma'aunin h kuma ba ya raguwa, yana tafiya da shekaru, don haka dattijon da ya daina aiki tuni zai ci gaba da fin matashin da ke kan ganiyarsa.

Wannan magana ba ta Turai da Amurka kaɗai ba ce. Duk wanda ya san zaman jami'o'inmu ya san yadda lokacin ƙarin girma yake. Malami ya tattaro maƙalolinsa a ɗaure su, a ba kowacce maki, na mujallar waje daban, na ta gida daban, in kujerar farfesa ake nema a aika wa masu tantancewa na waje. Tsarin yana da amfaninsa, kada a raina shi, domin ya rage ƙarin girma na sanayya da na ɗan gidan wane. Amma ya haifi nasa dabarun. Akwai "sa sunana a taka, in sa naka a tawa", inda mutum biyar za su fito a maƙalar da ɗaya ya rubuta. Akwai yanka bincike ɗaya gida uku don ya ba da maƙala uku. Akwai mai ambaton kansa a kowane shafi. Sai kuma mujallun damfara, waɗanda ke turo saƙon imel cike da kirari, su karɓi daloli su buga aiki cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Colorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan mawallafa, kafin ya rufe jerin nasa a Janairu 2017. Malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ga ɗakin gwaji babu wuta, ga wa'adin miƙa takardu ya matso, ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da ke kai mutum hannunsu ba.

Masana sun fara ja da baya. A Disamba 2012 wasu editoci da masu bincike suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, wadda ke neman a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen yanke hukunci kan mutum ɗaya, gargaɗin da Garfield da kansa ya sha yi. A 2020 hukumomin ilimi da kimiyya na ƙasar Sin suka umarci jami'o'i su rage dogaro da ƙidayar maƙaloli, su kuma daina biyan ladan kuɗi kan kowace maƙala da aka buga. A 2021 Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta sanar da cewa za ta cire ma'aunin mujalla daga sharuɗɗan ɗaukar aiki da ƙarin girma. Abin da wasu hukumomin tallafi ke nema yanzu shi ne mai bincike ya zaɓi 'yan ayyukansa mafi muhimmanci, ya bayyana da bakinsa abin da kowanne ya ƙara wa ilimi da rawar da shi ya taka a ciki.

Wannan hanya tana da tsada, kuma tsadar lokaci ce. Duba lamba a Scopus minti ɗaya ne, karanta maƙala biyar a fannin da ba naka ba kuwa aikin kwanaki ne, sannan sai an samu wanda ya san fannin kuma ba shi da wata ƙullalliya da mai fayil ɗin. A sashen da malamai goma ke koyar da ɗalibai dubu, 'yan kwamitin su ma suna da jarrabawar da ba su gama makawa ba, da nasu maƙalolin da suke jiran a ƙidaya musu.