Kwamitocin Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Majalisa: Ikonsu da Iyakarsu

Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam rukuni ne na 'yan majalisa da aka ɗora wa duba dokoki da ayyukan hukumomi, ko sun dace da haƙƙoƙin da Babi na 4 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa, daga sashe na 33 zuwa na 46. Majalisar Wakilai tana da kwamitin da wannan ne aikinsa kaɗai. Majalisar Dattawa ta haɗa shi da harkokin shari'a a kwamiti guda. A majalisun jihohi kuwa, galibi aikin kan faɗa hannun kwamitin shari'a da na karɓar ƙorafe-ƙorafe.

Alal misali, mazaunin unguwar Dukawuya, a ƙaramar hukumar Gwale ta jihar Kano, yana da ƙofofi uku zuwa ga waɗannan kwamitoci: wakilin Gwale a cikin mambobi 40 na Majalisar Dokokin Kano, wakilin Gwale a Majalisar Wakilai, da sanatan Kano ta Tsakiya. A ƙa'ida ɗan majalisa ne ke gabatar da takardar ƙorafi a zaure, sannan a miƙa ta ga kwamiti, kuma ba a karɓar maganar da ke gaban kotu. Koke-koken da ke tasowa daga unguwanni irin wannan ba baƙi ba ne. Akwai wanda aka tsare a caji ofis mako guda, alhali sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Akwai kuɗin beli da ake karɓa duk da rubutun da ke cewa beli kyauta ne. Akwai kuma masu jiran shari'a a gidajen gyaran hali na Goron Dutse da Kurmawa, a ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba.

Ikon kwamiti ya samo asali ne daga sashe na 88 da 89 a matakin tarayya, da na 128 da 129 a jihohi. Yana iya gayyatar kowa, ya nemi takardu, ya sa mutum rantsuwa, ya kuma fitar da sammaci ga wanda ya ƙi zuwa. Sai dai sassan da suka ba da ikon su ne suka ɗaure shi: bincike na yin doka ne ko gyara ta, da tona almundahana da sakaci da ɓarnar dukiya. Kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya ɗaure kowa, ba ya sakin kowa, kuma rahotonsa shawara ce ko da zaure ya amince da shi. Kano ta ga wannan iyaka a watan Disamba na 2018, lokacin da Babbar Kotun Jiha ta dakatar da kwamitin majalisa da ke binciken faifan bidiyon zargin karɓar daloli da aka yi wa gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, bisa cewa binciken laifi aikin 'yan sanda ne da hukumomin yaƙi da rashawa. Wani rauni ƙarami amma mai ma'ana shi ne, sammacin majalisa galibi ɗan sanda ne ke aiwatar da shi, ko da ƙorafin a kan 'yan sanda yake.

Kisan Apo ya nuna yadda wannan iko kan ƙare idan ya gamu da jami'an tsaro. Ranar 20 ga Satumba, 2013, sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka kai samame wani kango a unguwar Apo a Abuja, inda 'yan ci-rani ke kwana, da yawansu matuƙa babur mai ƙafa uku daga Arewa. Mutum 8 suka rasu, 11 suka jikkata. Hukumomi suka ce 'yan Boko Haram ne. Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin haɗin gwiwa na tsaro da na shari'a da haƙƙin ɗan Adam, wanda ya ce an yi gaggawa a samamen amma ya wanke jami'an daga kisan gilla. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a ƙarƙashin Chidi Odinkalu, ta yi nata zaman jin bahasi, kuma a Afrilun 2014 ta ce babu hujjar da ta danganta mamatan da ƙungiyar. Ta umarci a biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni, jimilla miliyan 135. Sai a 2018 gwamnati ta biya.

Mai gaggawa zai ce majalisa ta gaza, hukuma ta yi nasara. Gaskiya ne, amma da sauran magana. An kafa hukumar da dokar soja a 1995, zamanin Abacha, ba ta da haƙoran cizo. Gyaran dokar da Majalisar Tarayya ta yi a 2010, wanda aka sa wa hannu a 2011, shi ya ba ta ikon yanke diyya mai ƙarfin hukuncin babbar kotu, da kuɗi kai tsaye daga asusun gwamnatin tarayya, da damar shiga wuraren tsare mutane. Ke nan majalisar da ta kasa faɗin gaskiya a kan Apo ita ce ta ƙera makamin da aka faɗe ta da shi. A nan amfanin kwamitoci ya fi fitowa, wato a rubutun doka da kasafin kuɗi, fiye da zaman da ake haska wa kyamara.

Dokokin da suka biyo ta wannan hanya suna da dama: dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kano ta yi tata a 2019, da dokar hana azabtarwa ta 2017, da dokar 'yan sanda ta 2020. Dokar 2015 ta wajabta wa majistare ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata don duba waɗanda ke tsare. Bin diddigin ko ana yin wannan ziyara aikin kwamiti ne tsantsa, ba ya bukatar faɗa da kowa, amma ba kasafai ake jin an tambaya ba. Wani lokaci kuma jinkirin yin dokar kan yi tsawo. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Kano ba ta samu tata dokar kare yara ba sai a Mayun 2023, bayan doguwar muhawara kan daidaita ta da shari'ar Musulunci.

Dalilan raunin a bayyane suke. Kakakin majalisa ne ke raba shugabancin kwamitoci, kuma sau da yawa ladan goyon baya ne, ba ƙwarewa ba. Kwamitin kasafi da na ayyuka su ake rububi, na haƙƙin ɗan Adam ba shi da maiƙo. Kowane zaɓe yana kwashe mafi yawan mambobi, sabbi su faro daga tushe, ga ƙarancin lauyoyi da masu bincike na dindindin. A jihohi kuma, inda jam'iyyar gwamna ke da rinjaye, da wuya kwamiti ya ɗaga murya a kan hukumar jiha.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan ta hanyar ba kwamitin aiki na dole. A Birtaniya, dokar haƙƙin ɗan Adam ta 1998 ta tilasta wa minista ya bayyana ko ƙudurin da ya kawo ya dace da haƙƙoƙi, sannan kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, mai mambobi 12, ya bi ƙudurin ya tantance. Ostareliya ta ɗauki irin wannan tsari da dokar 2011. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na Belgrade na 2012 kuma sun nemi majalisu su riƙa karɓar rahoton shekara na hukumomin kare haƙƙi su yi muhawara a kansa. A Kano, kwatankwacin haka shi ne majalisa ta riƙa neman alƙaluman waɗanda ke jiran shari'a a Kurmawa da Goron Dutse daga Ma'aikatar Shari'a a lokacin kare kasafin kuɗi, domin a wannan zaman ne kwamishina ba ya iya ƙin amsa gayyata.