Shirin Gina Ɗakin Duba Haƙori

'Yan'uwa manoma, idan ƙungiyarku tana shawarar gina ɗakin duba haƙori kusa da ɗakin shan magani na ƙauye, ga abubuwan da za ku zauna a kansu kafin a aza tubali.

Ku fara sanin amfaninsa. Ba cire haƙori kaɗai za a yi a ciki ba. Akwai wani mugun ciwo da likitoci ke kira noma, ko da yake ba ruwansa da noman gona. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga dasashi yake somawa, cikin 'yan kwanaki ya ci kumatu. In an gane shi da wuri, magani yana tsai da shi. Asibitin da aka buɗe dominsa a 1999 yana Sakkwato, wajen kilomita 100 daga Argungu. Ɗaki na kusa shi zai ga ciwon tun yana ƙarami.

Na fari, ma'aikaci. Ku je Ma'aikatar Lafiya a Birnin Kebbi ku nemi izini, ku kuma tabbatar za a sami wanda ya koyi aikin, ko da ran kasuwa kaɗai zai riƙa zuwa. Ginin da ba ma'aikaci, jemagu ne ke gadonsa.

Na biyu, wuri. Ku zaɓi tudu, ku guji bakin fadama. Ku tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Argungu da kewaye. A ɗaga harsashin ginin, a kuma sami takardar fili da sunan ƙungiya, da shaidar maigari.

Na uku, ruwa da wuta. Dole a wanke kayan aiki a kuma dafa su bayan kowane mutum, don kada a ɗauki ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani a kai wa wani. Saboda haka a tanadi rijiya mai murfi da tanki, da fitila mai aiki da hasken rana, da ramin ƙona auduga.

Na huɗu, fasali. Ɗaki biyu da rumfar jira sun isa. Ɗakin aiki ya kai ƙafa 12 kowane gefe, da babbar taga mai duban arewa, don haske ya shiga ba tare da zafi ba. A yi daɓen siminti, don ya wanku.

Na ƙarshe, kuɗi. Ku tara gudummawa da kaka, a buga tubali da rani, a rufe da kwano kafin ruwan farko. Kada a kashe duka a kan gini. Ku ware na kujera da magani da gyara, ma'aji ya rubuta kome a littafi.

Kafin ginin ya tashi, iyaye mata su riƙa duba bakin yara kowane mako. Dasashi mai kumburi da jini da wari, a kai yaro asibiti ran nan.